Alƙiblar Jirgin Kawu

Ni haihuwar unguwar Al-Sih ne, a nan Madina, kuma sai da na yi gemu kafin na ga ruwan da ya fi ƙarfin a tsallake shi. Sana'ata wayarin mota. Ina da warsha, wato gareji, a unguwar Aƙiƙ, kuma ba cika baki ba, motar da ta gagari mutum uku in aka turo min ita da safe, da wuya ta kai la'asar ba ta tashi ba. Wannan ya kumbura min kai, har na ɗauka duk abin da aka haɗa da waya a duniya ƙanena ne.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mutumin teku a danginmu. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Yanbu, tafiyar awa biyu da wani abu daga nan. Da ya yi ritaya ya dawo gidansa a Uhudu, nan Madina, amma ya bar wani ƙaramin jirgi a can, irin mai tafiya da iska, wanda ya saya tsoho ya gyara da hannunsa. Duk mako sai ya tuƙa motarsa ya je ya duba shi. Mu mutanen tudu muna yi masa dariya, shi kuma yana dawo mana da kifi, muna ci muna ci gaba da dariyar.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi. Allah ya taƙaita, ya miƙe, bakinsa ya dawo daidai, amma hannun dama ya yi rauni. Sitiyarin jirgi kuwa ba na mota ba ne. Ruwa na ture shi, iska na ture shi, mutum sai ya yi awa uku yana kokawa da shi a tsaye.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Taubashiyata ce, tun muna yara muke tsokanar juna, ita ta ce ni bawanta ne, ni in ce ita ce baiwa. Tana jin Hausa sarai, amma rabin amsarta da Larabci take fita. Ita ce ta ce a sayar da jirgin.

"Halas, magana ta ƙare, ya Baba," in ji ta. "Hannu ɗaya ba ya tuƙa jirgi. In ka faɗa ruwa wa zai tsamo ka?"

Kawu ya ce ba a isa ba. Aka yi ta ja har gida ya yi tsami. Ni da ba a gayyace ni cikin maganar ba na tsoma baki, na ce akwai na'urar da ake ɗaura wa sitiyari ta riƙa tuƙi da kanta, mutum ya saita mata hanya ya zauna yana shan shayi. Na ce ni zan haɗa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai, ya usta, babban makanike? Ka taɓa shiga jirgi?"

Na ce waya dai waya ce, a tudu ko a ruwa.

Nan ta gindaya sharaɗi. In an haɗa, za ta bi mu da kanta. In mahaifinta ya fita teku ya dawo ba tare da ya yi kokawa da sitiyari ba, jirgi ya zauna. In ba haka ba, a sayar, kuma ba wanda zai sake tayar da maganar. Kawu ya amince. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya matse, ya ce, "Ɗana, na dogara ga Allah, na dogara da kai."

Da na'urar ta iso muka tafi Yanbu, ni da shi. Abin ba shi da wuyar ganewa. Wani babban zobe ne da ake ɗaurewa jikin sitiyari, a cikinsa akwai bel, da ƙaramin inji mai juya shi. Akwai ɗan hannu da ake dannawa injin ya kama sitiyari, a ɗaga shi ya saki. Sai allo mai nuna lamba da maɓallai, sai kamfas ɗinta, ɗan ƙaramin abu baƙi da ake kafawa a cikin jirgi nesa da ƙarfe. Kwana biyu na yi ina huda, ina jan waya ta ƙarƙashin katako, zufa na shiga min ido. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Ko waya ɗaya ba a gani.

Littafin da ya zo da ita ya ce a fita ruwa a yi ta zagaye a hankali har kamfas ɗin ya san jirgin. Muka yi, Kawu na tuƙi ni ina kallon allo, har masunta suka tsaya suna kallon mahaukata biyu suna juyi wuri ɗaya. Saura mataki ɗaya: a gaya wa na'urar ainihin inda hancin jirgin yake kallo, da lamba, don lissafinta ya dace da na duniya. Littafin ya ce a gwada da wani kamfas amintacce. Na karanta rabin layin na rufe.

Mun dawo mun ɗaure jirgi a mazauninsa, Kawu ya sauka ya tafi alwala. Tun ranar farko ya gaya min cewa in jirgin na ɗaure a nan, hancinsa alƙibla yake kallo, shi ya sa yake shimfiɗa darduma a ciki ya yi salla ba tare da ya nemi komai ba. Na ce to ai magana ta ƙare. Duk ɗan Madina, ko daga barci aka tashe shi, ya san alƙibla kudu take. Kudu kuwa ɗari da tamanin ce a kamfas. Na danna maɓalli har allo ya nuna ɗari da tamanin, na adana, na goge hannuna ina jin daɗin wayona.

Da Kawu ya dawo ya tsaya yana duban allon, ya dubi tsohon kamfas ɗinsa da ke gaban sitiyari, ya sake duban allon.

"Ɗana, ba su yi baki ɗaya ba."

Na ce masa ai dole. Injin da na ɗaura yana da maganaɗisu, yana kusa da tsohon kamfas, shi ke jan allurarsa. Littafin ma ya faɗi cewa hakan na iya faruwa, don haka ba ƙarya na yi ba, sai dai ban gwada na gani ba. Na ce daga yau allo zai bi. Har na ɗauki murfin tsohon kamfas ɗin na rufe shi, don kada ya rikita shi. Bai ji daɗi ba, amma ya ƙyale ni, domin a wajensa ni ne malamin wannan fanni.

Ranar gwaji muka fita da hantsi, mu uku. Ranar akwai laima a iska, wani farin hazo ya kwanta a kan ruwa, da muka ɗan yi nisa sai gari ya ɓace mana a baya. A gaban tashar akwai duwatsun murjani da ke kwance ƙarƙashin ruwa, da wata kafa a tsakaninsu da jirage ke bi. Kawu ya san hanyar da lamba. Daga jar alama ta ƙarshe akwai lambar da yake bi kusan rabin awa, ta kai shi tsakiyar kafar. Shekaru da shekaru yana bin ta.

Muka ɗaga ƙyallen da ke tura jirgin, iska ta cika shi, jirgi ya ɗan kwanta ya fara gudu. Da muka kai jar alamar, Kawu ya juya sitiyari har allo ya nuna lambarsa, ya danna maɓalli, ya danna ɗan hannun. Sitiyari ya fara motsi da kansa, dama kaɗan, hagu kaɗan, da ɗan ƙara kamar na keken ɗinki. Ya koma ya zauna ya ɗora hannuwa a cinya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. 'Yarsa ta zuba masa shayi, har ta ce min, "Mashallah, bawan nan yana da amfani ashe."

Bayan ɗan lokaci ya daina shan shayin. Ya dubi rana ta cikin hazo, ya dubi yadda igiyar ruwa ke dukan gefen jirgi.

"Mun yi hagu," in ji shi.

Na leƙa allo. Na ce, "Kawu, ga lamba nan ba ta motsa ba."

Can ya sake cewa, "Wallahi mun yi hagu da yawa. Launin ruwan nan ba na hanya ba ne."

Na yi dariya. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai in ji kamar in nutse. Na ce tsufa ne ke sa mutum ya ƙi yarda da sabon abu. Ya yunƙura zai tashi, 'yarsa ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Ka gani, ya Baba? Ba ka iya zama ba. Sharaɗi sharaɗi ne." Ya koma ya zauna, idonsa na kan ruwa.

Da ruwan ya koma kore fatau, ni ma na gani. Kawu ya zabura ya kai hannun dama ga ɗan hannun na'urar, hannun ya ƙi ba shi ƙarfi, kafin ya kai na hagu sai muka ji ƙasan jirgi ya gogi dutse. Wata ƙara ce mai tsawo da na ji har cikin haƙorana. Jirgi ya tsaya cak, butar shayi ta kife, 'yarsa ta faɗi a kan gwiwa tana salati. Ba wanda ya ji ciwo, jirgin ma bai fashe ba. Wasu masunta suka zo da kwalekwale mai inji suka ja mu baya.

A hanyar dawowa ta juyo gare ni. "Esh sar? Me ya faru? Na'urarka ce?"

Na ce na'ura ba ta kuskure, abin da aka ba ta take bi. Na ce wataƙila Kawu ya manta lambar, ko ya haɗa ta da ta wani wuri. Na ƙara da cewa bayan irin wannan ciwo hakan ba abin mamaki ba ne. A lokacin da gaske na yarda da abin da nake faɗa. Kawu ya dube ni. Ya maimaita lambar a hankali, shi kaɗai, sau biyu.

Mun kai tasha ana kiran la'asar. Na shiga ɗan masallacin da ke bakin ruwa, na tsaya a sahu, sai na ji wani abu bai zauna min daidai ba. A Madina in na tsaya la'asar na san inda rana take zama a jikina. Nan kuwa ta taga sai na ji ta ta koma min can bayan kafaɗa. Da aka sallame na ciro waya na buɗe abin duba alƙibla. Allura ta karkata daga kudu zuwa gabas, kusan digiri talatin. Yanbu ba Madina ba ce. Tana yamma, bakin teku, Makka ba ta kudu da ita sak.

Na zauna a kan kafet ɗin nan. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, har ta rasu in za ta sa mu salla cewa take mu fuskanci gabas, domin a ƙasar da ta baro nan ne alƙibla, mu kuma mu yi ta ƙyalƙyala mata dariya. Ga ni nan na ɗauko alƙiblar unguwarmu na kai ta teku. Lambar Kawu daidai take. Ni ne na karkatar da duniya gaba ɗaya a cikin na'urar, ita kuma ta bi abin da aka ba ta, kamar yadda na faɗa da bakina.

Na fito da niyyar in faɗa. Na same su a jikin mota, ita tana shafa masa magani a hannu, shi yana kallon ƙasa. Na ce bari mu kama hanya tukuna. A hanya na ce bari mu isa gida. A gida na tarar da mahaifiyata da matan dangi sun taru suna barka da arziki, ana ta sa min albarka wai na yi iya ƙoƙarina. Na karɓi albarkar. Washegari maganar ta fi jiya nauyi, jibi ta fi gaban ɗauka. Ba komai ya riƙe min harshe ba illa taubashiyar nan. Na hango yadda za ta riƙa ba da labarin ustan da bai san alƙibla ba a kowane biki har mu tsufa, na ji ba zan iya ba. A kan wannan ɗan abin na bar tsoho da laifina.

Aka sa jirgi a kasuwa, ba a daɗe ba aka sami mai so. Kawu ya ce shi ba zai je ba, ni in je in kwaso masa kayansa. Na je ni kaɗai. Na kwashi dardumarsa, da butar shayi, da ƙugiyoyin kamun kifi. Sannan na buɗe murfin tsohon kamfas, na tarar allurarsa na nuna daidai abin da wayata ke nunawa, injin bai ja ta ko kaɗan ba. Na kunna allo na gyara lambar. Ko minti biyu bai ɗauke ni ba. Na kulle jirgi na miƙa wa mai sayen makulli.

Bayan nan na rage zuwa Uhudu. In mahaifiyata ta tambaya in ce aiki ya yi yawa. A bakinta nake jin labarin Kawu guntu-guntu. Wai ya ba 'yarsa makullin motarsa da kansa. Wai ya yarda an kai shi a duba masa ƙwaƙwalwa, likita ya ce bai ga komai ba, shi ya ce likitan bai duba da kyau ba. Wai yana rubuta lambobin wayar 'ya'yansa a takarda, ya rufe, ya karanta da ka, ya buɗe ya duba. Ina ji ina cewa Allah ya ba shi lafiya.

Wata biyu aka yi haka. Sai wata Juma'a dangi suka taru a gidansa cin abinci, ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Hira ta ja har jam'in la'asar ya wuce mu, muka shimfiɗa darduma a majalisi, falon maza. Tun ina yaro, in dai Kawu na wuri shi ke shiga gaba, ba a ma tambaya. Muka tsaya muna jiransa. Sai ya kama gwiwar hannuna ya tura ni.

"Shiga, ɗana. Ni yanzu kaina ba abin dogaro ba ne. Kada in yi muku uku in ce huɗu ce."

Na ja sallar nan, amma ban san yadda na ƙare ta ba. Ina jin numfashinsa a bayana. Da na sallame na juyo, ban tashi ba, na ce, "Kawu, ina da magana." Na faɗa masa a gaban 'ya'yansa maza da surukansa. Na ce lambarsa daidai take, ni ne na saita na'urar da alƙiblar Madina, jirgin ya yi hagu kamar yadda ya faɗa har sau biyu.

Na shirya wa faɗa. Bai yi ba. Ya matso kusa yana kallon bakina.

"Lambar daidai ce?"

"Daidai ce, Kawu."

"Ban manta ba?"

"Ba ka manta komai ba."

Ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa na girgiza, yana ta alhamdulillahi. Sai ya ɗago ya ce a kira masa 'yarsa, a kira jikoki duka. Da suka cika ƙofa ya ce min, "Sake faɗa. Da Larabci, don waɗannan su ji da kyau." Na sake faɗa da Larabci, tun daga farko, kaina a ƙasa. Taubashiyata ba ta tsokane ni ba, ba ta zage ni ba. Ta wuce ni kamar babu kowa a wurin, ta durƙusa gaban mahaifinta ta sumbaci kansa tana cewa, "Samihni, ya Baba, ka yafe min." Ni da ke da laifin ina zaune ina kallon wata na neman gafara.

Kawu ya goge ido, ya ce kuskure na ɗan Adam ne, shi ma da ya fara aiki a Yanbu ya yi sati yana salla a karkace. Har aka ɗan yi dariya. Sai fuskarsa ta canja, ya dafa gwiwata da sauri.

"Mutumin da ya sayi jirgin fa? Yana fita da iyalinsa. Tashi ka kira shi yanzu, kada ya bi lambar nan ya hau dutse."

Na ce, "Kada ka damu, Kawu. Na gyara tun kafin in ba shi makulli."

Maganar ta riga ta fita kafin in ji abin da na faɗa. Kawu ya ɗauke hannunsa daga gwiwata a hankali, ya daɗe yana kallona.

"Ashe tun lokacin ka sani," in ji shi.